Kaluluwa bakwai a takardar Kawu: yadda ake karanta sakamakon aikin dajin dubura idan gashi ya riga tiyata

Bayan sallar isha'i ɗan kawuna ya yi sallama a gidana da ke Tudun Wada, ko zama bai yi ba ya miƙo mini takarda. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin lamba guda: 0/7.

"Yaya, duba nan. Na karanta a intanet cewa dole a samu kaluluwa goma sha biyu. Bakwai kawai suka samu a jikin Baba. Aikin bai yi ba ke nan?"

Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna. Ni likitar binciken nama ce. Idan likitan tiyata ya yanko abu daga jikin mutum, gabanmu ake kawo shi, mu yayyanka, mu duba a madubin likita, mu rubuta abin da muka gani. Irin takardar da ke hannunsa na rubuta ta ba adadi, sai dai ta Kawu wani abokin aikina ne ya rubuta, domin ban yarda in duba naman ɗan'uwana da hannuna ba. Bayanin da na yi masa a daren nan shi nake so in shimfiɗa muku, saboda kusan duk iyalin da aka yi wa nasu gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, kafin aikin dajin dubura sai sun tsaya cak a kan wannan lamba. Wasu su firgita a inda babu abin firgita, wasu kuma su saki jiki a inda bai kamata ba.

Kawu maɗinki ne a cikin birni, ya fi shekara arba'in yana zaune a zaure yana zuba aska takwas a gaban babbar riga. Da jini ya fara biyo bayan gidansa, kowa cewa ya yi basir ne na yawan zama, aka yi ta jiƙe-jiƙe kusan shekara guda. Sai da bayan gidan ya sirance, kullum yana jin kamar bai gama ba, sannan ya yarda likita ya sa yatsa ya duba. Ƙarin yana nan kusa, yatsa ya taɓo shi. Har yau shekarar nan da ta tafi a banza tana yi mini ciwo, don haka duk mai ganin jini a bayan gida makonni a jere, don Allah ya bari a duba shi kafin ya sa wa abin suna basir.

Duk Bahaushe ya san kaluluwa. Ka ji ciwo a ƙafa, kwana biyu sai ƙullutu ya taso maka a matsematsi. Ba ciwon ne ya haife ta ba, dama tana nan, kumbura kawai ta yi. Akwai ɗaruruwan irinta a jikin mutum, suna tace ruwan da ke fitowa daga tsoka kamar yadda rariya ke tare tsaki. Dubura, wato ƙarshen babban hanji mai tsawon kamar santimita 12 zuwa 15, tana lulluɓe da kitse, kuma a cikin kitsen nan nata kaluluwar suke. Idan daji zai bar inda ya tsiro, galibi a nan yake fara yada zango. Shi ya sa, bayan wani likitan tiyata na Ingila mai suna Bill Heald ya bayyana hanyarsa a 1982, sannu a hankali aikin da aka yarda da shi ya zama a ciro duburar tare da kitsenta gaba ɗaya a cikin fatarsa, ba tare da an fasa ba.

Haruffa uku ake auna ciwon da su. T na nuna zurfin da ƙarin ya yi a bangon hanji, daga 1 zuwa 4. M na nuna ko ya yi nisa zuwa hanta ko huhu. N kuwa na kaluluwa ne: N0 babu wadda ta kamu, N1 daga ɗaya zuwa uku, N2 huɗu ko fiye. Ko guda ɗaya ce ta kamu, ciwon ya shiga mataki na uku. To ita lamba 12 ɗin da ɗan kawuna ya gani ba ƙarya ba ce. Ta samo asali ne daga wani taron likitocin ciki na duniya da aka yi a birnin Sidni na Ostareliya a 1990, kuma hikimarta a fili take: wanda ya duba kaluluwa uku ya ce babu komai, wataƙila ta huɗun da bai duba ba ce mai ɗauke da ciwon. Amma ƙa'idar ta fi dacewa da hanjin da ba a taɓa shi da komai ba kafin wuƙa.

Abin da gashi ke yi wa kaluluwa

A yau, idan ƙarin ya ratsa bangon dubura, ko hoto ya nuna alamar kaluluwa ta kamu, ba a cika zarcewa ɗakin tiyata ba. Sai a fara da gashi da na'ura, sau da yawa haɗe da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sha ko a ƙara a ruwa. Wani babban bincike da aka yi a Jamus, aka fitar da sakamakonsa a 2004, shi ya kafa wannan tsari. Waɗanda aka yi wa gashi da kemo kafin aiki, 6 cikin 100 ne ciwon ya sake tsiro musu a wurin cikin shekara biyar. Waɗanda aka yi wa bayan aiki kuwa, 13 cikin 100. Akwai kuma wata lamba a binciken da ta fi shafar maganarmu. A rukunin da aka fara yi wa aiki, kusan 40 cikin 100 aka samu daji a kaluluwarsu. A rukunin da aka fara gasawa, 25 cikin 100. Mutanen iri ɗaya ne, ƙuri'a ce ta raba su. Ke nan akwai waɗanda dajin ya riga ya shiga kaluluwarsu, magani ya kashe shi kafin ta iso teburinmu, mu kuma muka rubuta musu N0.

Wannan shi ne aikin gashi na farko. Na biyun shi ne wanda nake ji da yatsuna. Fararen ƙwayoyin jinin da suka cika kaluluwa suna cikin abubuwan da suka fi kasa jure gashi a jikin mutum, saboda haka lafiyayyar kaluluwa ma motsewa take yi. Idan aka kawo mini duburar da ba a gasa ba, na yanka kitsen falle-falle ina murzawa, sai in ji kaluluwa tana zillewa a ƙarƙashin yatsa kamar wake, wata kamar gyaɗa. Wadda aka gasa kuwa, kitsen ya yi tauri da tabo, kaluluwar ta koma kamar ƙwayar dawa, wata kamar gero, wata ta ɓace ƙurmus sai tabonta. Nemanta kamar tsintar tsakuwa ne a shinkafa 'yar Hausa, kuma shinkafar ta jiƙe da mai. Mutum zai yi awa guda a tsaye, ƙaurin fomalin, sinadarin da ake adana nama a ciki, na sa shi hawaye, ya tashi da bakwai ko takwas.

Manomin masara zai gane wannan da sauri. Idan ka shiga gona ka ƙirga tsutsa bayan an yi feshi, abin da ka samu labarin ƙarfin feshin yake ba ka. Yawan tsutsar da ta shigo gonar tun farko kuwa, sai wanda ya leƙa kafin feshi zai gaya maka. Duka ƙirgen biyu kana bukatarsu. Duk abin da zan faɗa daga nan, yadda za ku riƙe ƙirgen nan biyu ne, kada ɗaya ya kuɓuce muku.

Tun kafin a kunna na'ura

A yi hoton MRI na ƙugu kafin gashi na farko, kuma ku adana shi kamar takardar gida. Na san kuɗinsa ba kaɗan ba ne, na ga iyalan da suka sayar da akuya da buhunan masara saboda shi. Amma da zarar an fara gashi, yanayin da ciwon yake a asali ya tafi ke nan, babu na'urar da za ta dawo da shi. Ku karɓi faifan, ku karɓi rubutaccen bayanin, ku yi kwafi biyu, ku ɗauki hotonsa a waya. Ku haɗa da sakamakon ɗan naman da aka gutsuro tun farko, da hoton CT na ƙirji da ciki, da gwajin jinin da ake kira CEA. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin asibitocin ƙasar nan masu sashen kula da masu ciwon daji, don haka masu jinya na zuwa Zariya daga Funtuwa, Katsina, Gusau da gaba da nan. Sau da yawa hoto a wani gari aka yi shi, gashi a wani, aiki a wani. Abin da ke haɗa likitocin nan da ba su san juna ba shi ne jakar takardun da ke hannunku.

A cikin bayanin hoton ku nemi ƙaramin harafin c a gaban T da N. Na Kawu cT3 N1 ne. Wannan c ɗin na nufin ƙiyasi ne daga hoto da dubawar likita, ba a kai ga ganin naman ba. Mai karanta hoto yana zargin kaluluwa idan kaurinta ya kai milimita 9, ko kuma ba ta kai ba amma ta mulmule, gefenta ya yi kaushi, cikinta ya yi dabbare-dabbare. Yana iya yin kuskure ta kowane ɓangare. Kaluluwa na kumbura saboda gyambon da ƙarin ya yi alhali babu daji a cikinta, wata kuma ƙarama kamar dawa tana ɗauke da shi. A binciken nan na Jamus, da na'urorin wancan lokaci, 18 cikin 100 na waɗanda aka zarce da su aiki sai aka tarar ciwonsu bai wuce mataki na farko ba, alhali an ƙiyasta ya fi haka.

Idan ƙarin yana ƙasa-ƙasa kamar na Kawu, ku tambayi likita ko hoton ya nuna wani abu a kaluluwar gefen ƙugu. Waɗannan ba sa cikin kitsen da ake cirowa a aikin da aka saba, sai in likita ya nufe su musamman, kamar yadda likitocin Japan suka fi yi. Wadda kaurinta ya kai milimita 7 a hoton farko abar sa ido ce, kuma ya kamata mai gashi da mai tiyata duk su san da ita. Lamba irin 0/7 ba ta ce komai a kansu ba, tunda ba su zo teburinmu ba.

Lokacin magani, ku sayi ɗan littafi

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. A rubuta ranar da aka fara gashi, da ranar da aka gama, da duk ranar da aka tsallake, da sunan kemo da adadin zagayensa. Dalili shi ne maganin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da sawun da yake bari a kaluluwa.

Akwai dogon gashi, na kwana 25 zuwa 28, Litinin zuwa Juma'a, jimillarsa Gray 45 zuwa 50.4 a ma'aunin masu gashi, ana haɗa shi da ƙwayar kapesitabin ko ɗan'uwanta na ƙarin ruwa, sannan a jira kamar mako 6 zuwa 12 kafin aiki. Shi aka yi wa Kawu. Akwai gajere, na kwana biyar, Gray 25. Idan aka yi aiki cikin mako guda bayan gajeren, ciwon bai samu lokacin ja da baya ba, kamar yadda binciken ƙasar Holan na 2001 ya nuna, don haka abin da muka gani a madubi ya yi kusa da yadda yake a asali. Idan aka jira makonni kuwa, labari ya canza. Sannan akwai sabon tsarin da ake ba da gashi da kemon gaba ɗaya kafin aiki. Manyan bincike biyu na Turai da aka fitar a 2021 sun samu cewa da wannan tsari kusan 28 cikin 100 ba a ga sauran daji ko kaɗan a naman da aka ciro ba, ninki biyu ke nan na tsohon tsarin a binciken. Gwargwadon ƙarfin magani da tsawon jira, gwargwadon yadda kaluluwa ke motsewa da wuyar samu.

Jini ya tsaya ba ya nufin an gama

Makonni bayan gashi Kawu ya murmure, jini ya ɗauke, bayan gida ya dawo daidai. Ya kira ni gefe ya ce, "'Yata, tunda Allah ya kawo sauƙi, wuƙar nan ta zama dole?" Na fahimce shi sarai, babu mai son a yanka shi yana jin lafiya. Na ce masa, "Kawu, abin da ke bangon hanji shi ya daina zubar da jini. Abin da ke cikin kaluluwa ba ya jini, ba ya ciwo, ba ya magana." Ko a cikin waɗanda ƙarin ya narke gaba ɗaya daga bangon hanji, akwai ƙalilan, ba su kai ɗaya cikin goma ba, da muke tarar da dajin ya maƙale a kaluluwa.

Ana sake MRI kafin aiki, a kwatanta da na farko. A wannan karon wadda ta koma ƙasa da milimita 5 galibi ana ɗaukarta lafiyayya. Gaskiya ne akwai tsarin barin aiki a sa ido, wanda wata likitar Brazil mai suna Angelita Habr-Gama ta fito da shi fili a 2004, ga waɗanda yatsa da kyamarar hanji da hoto duk suka nuna babu sauran komai. Amma sa idon na nufin dubawa da kyamara da MRI duk bayan 'yan watanni har shekaru, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ciwon na sake tsirowa cikin shekara biyu, a koma ga aiki. Mutum ya koma gida ya ɓace don ya ji sauƙi, wannan ba shi ne tsarin ba. A nawa ganin, wanda gidansa ke nesa kuma aljihunsa ba zai ɗauki hoto a kai a kai ba ya yi dogon tunani tare da likitansa kafin ya zaɓi wannan hanya.

Ranar aiki

A asibitoci da dama a ƙasar nan, 'yan'uwan majiyyaci ake miƙa wa naman su kai ɗakin bincike. Idan ya faɗo a kanku, ku kai shi a ranar, gaba ɗayansa, wuri ɗaya. Ku ga cewa ya nutse cikin fomalin a mazubi mai faɗin baki, ruwan ya ninka naman sau da yawa. Ba ruwan gishiri ba, ba firiza ba. An taɓa kawo mini dubura daga wani ƙaramin asibiti bayan kwana uku, a matse cikin robar da fomalin bai rufe rabinta ba, kuma an raba ta biyu an aika rabi wani gari don a ji ta bakin mutum biyu. Kitsen ya riga ya narke. Kaluluwa biyu na iya tsamowa, kuma na rubuta takardar ina sane cewa bawan Allah nan ya sha wuƙa amma ba zai taɓa samun cikakkiyar amsa ba. Masu son a binne abin da aka cire daga jikin ɗan'uwansu, ku yi magana da ɗakin binciken, a gama dubawa tukuna sannan a yi zancen ragowar.

Sai fom ɗin da ke rakiyar naman. Ku roƙi likita ya rubuta a jikinsa cewa an yi gashi da kemo, da irinsu, da ranar da aka gama. Idan na san an gasa, nemana daban yake: ina ƙara lokaci, ina ɗebo duk wani ɗan ƙullutu komai ƙanƙantarsa, kuma ina sanin yadda zan fassara tabon da na gani.

Karanta takardar

Ku fara neman harafin y. Idan an yi magani kafin aiki, dole a ga yp a gaban T da N. Harafin p na nufin an duba naman a madubi, y kuma na nufin bayan magani ne. Ta Kawu ypT2 N0 ce. Idan an yi wa naku gashi amma kuka ga p kaɗai babu y, ku koma ku faɗa, wataƙila mai rubutun bai samu labari ba.

Sai lambar mai layi a tsakiya. Ta sama, ko ta hagu, adadin da aka samu daji a ciki. Ɗayar kuma adadin da aka duba. A 0/7 an duba bakwai, babu ko ɗaya da ta kamu. Ta farkon ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Kaluluwar da ta sha gashi da kemo amma dajin cikinta yana raye tana gaya mana cewa ciwon mai taurin kai ne, kuma tana cikin manyan alamun da likitoci ke dubawa wajen hasashen dawowarsa. Wanda takardarsa ta ce 2/15 ya fi bukatar a tashi tsaye a kansa fiye da mai 0/7, duk da cewa shi an cika masa sha biyun har da ƙari. Wasu likitocin suna kuma duba rabon: biyu cikin shida ba daidai yake da biyu cikin ashirin ba.

Wani lokaci za ku ga an rubuta cewa an samu tabo, ko wani ruwa mai yauƙi kamar majina, a cikin kaluluwa amma babu ƙwayar daji mai rai. Wannan ana ƙirga ta cikin marasa ciwo, N0 ce. Sai dai sawu ne, kamar toka a inda wuta ta ci, yana nuna cewa wataƙila hoton farko ya yi gaskiya. Za ku iya ganin N1c kuma, wanda ke ruɗa mutane: kaluluwa duk lafiya, amma an samu ɗigon daji a warwatse cikin kitsen, kuma wannan ma mataki na uku ne.

Akwai makin da ake bai wa yadda ƙarin ya ji magani, kuma a nan ku yi hattara, domin ma'aunan sun saɓa wa juna. A na Mandard, 1 ne mafi kyau, 5 mafi muni. A na Dworak, 4 ne mafi kyau. A wanda Amurkawa suka fi amfani da shi, 0 ne mafi kyau. Kada ku yi murna ko kuka da lambar sai kun ga sunan ma'aunin da ke gefenta.

Mai son sanin ko aikin tiyata ya yi kyau, ba a adadin kaluluwa kaɗai zai duba ba. Layi biyu sun fi faɗa masa gaskiya. Ɗaya shi ne ko fatar kitsen ta fito cikakkiya, santsi, babu yagewa. Ɗayan kuma tazarar da ke tsakanin dajin da gefen da wuƙa ta bi: idan ta wuce milimita 1 an tsira da gefen, idan milimita 1 ce ko ƙasa ana ɗaukar gefen ya taɓu. A takardar Kawu kitsen cikakke ne, tazarar kuma milimita 6. Da na nuna wa ɗan kawuna layukan nan biyu sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

Idan ba su kai sha biyu ba

A ƙa'idar auna ciwon daji ta duniya, idan duk waɗanda aka duba lafiya suke, N0 ake rubutawa ko ba su kai 12 ba. Kuma har yau masana ba su tsayar da wata lamba ta daban ga wanda aka gasa ba. Wasu bincike sun nuna cewa ƙarancin kaluluwa bayan gashi sau da yawa alama ce ta jikin ya karɓi magani sosai, wasu kuma sun nuna cewa ƙara nema na tono waɗanda suka kamu da aka tsallake. Tsufa ma na rage adadin, haka ƙarin da ke can ƙasa kusa da bakin dubura, domin yawancin kaluluwar suna sama ne ta baya, suna bin jijiyar jinin da ke ciyar da duburar.

Matsayina shi ne kada a zargi kowa saboda bakwai, kuma kada a karɓi bakwai ba tare da tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata. Ku je wurin likitan tiyatar da ladabi ku ce, "Likita, ko za a iya roƙon ɗakin bincike su sake duba kitsen?" Ba cin fuska ba ne, mu kanmu muna komawa idan adadin ya yi ƙasa. Ana ajiye ragowar naman na wani lokaci bayan an fitar da sakamako, amma ba har abada ba, don haka a yi tambayar cikin kwanakin farko. A nema na biyu ana iya jiƙa kitsen a sinadarin da ke sa kaluluwa ta yi fari ta fito fili, ko wanda ke narkar da kitsen, ko a zuba ƙarin yanka a duba a madubi ko da yatsa bai ji komai ba. Idan za ku nemi ra'ayin wani likitan bincike, ƙananan gilasan da dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki ake nema a aika masa.

Daga nan ku kwashi duka, hoton farko, littafin magani da takardar nama, ku ajiye su tare a gaban likitan daji. Shawarar ƙarin kemo bayan aiki ba daga takarda ɗaya take fitowa ba. Wanda ya fara da N1 ya koma N0 ba ɗaya yake da wanda tun asali N0 ne ba, ko da takardunsu na ƙarshe sun zo iri ɗaya. Wanda aka riga aka ba shi kemonsa duka kafin aiki galibi ba a ƙara masa. Wanda kaluluwarsa ta fito da ciwo bayan dogon gashi kuwa, shi ne aka fi karkata ga ba shi mai ƙarfi, wanda ake haɗawa da okzaliplatin.

Abokin aikina ya koma kan kitsen Kawu a makon, ya ƙara samo uku, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba. Aka gyara takarda ta koma 0/10. Na kai masa labarin da kaina a cikin birni, na same shi kishingiɗe a zaure, jakar bayan gida ta wucin gadi a ƙarƙashin rigarsa.

"To 'yata, yanzu nawa ne?"

"Goma, Kawu. Duk babu komai a ciki."

Ya shafa fuska ya yi hamdala. Likitocinsa sun duba cT3 N1 ɗin farko da ypT2 N0 na ƙarshe, suka yanke a ba shi ƙwayar kemo ta wata huɗu, sannan a mayar masa da hanjin. Gwajin CEA duk wata uku, hoton CT da kyamarar hanji idan shekara ta zagayo. Ɗan kawuna ya rubuta ranakun a bangon littafin nan na 'yan makaranta, ya sa shi tare da faifan MRI a cikin akwatin da Kawu ke ajiye zare da allura.